Ranar da Na Ɗauki Kyanwar Innarku Zuwa Kadawa

Ranar sunan jikata ta baya-bayan nan ina zaune a zaure ina karɓar barka, sai na jiyo muryar Gwaggonku Laure daga cikin gida tana ba mata labarin nan da kuka tashi kuna ji. Wai a da Innarku ba ta riƙe 'ya'ya, sai da na yi ta maza na fitar da wata kyanwa daga gidan nan sannan haihuwa ta tsaya. Na ji mata suna ta jinjinawa, wata har tana cewa ai mazan da ba su san wasa ba. Kusan shekara arba'in ke nan ana yabona da wannan magana ina yin shiru. Laure ba ƙarya take yi da gangan ba, iyakar abin da ta sani ke nan, kuma ta tsufa, ba zan kunyata ta a gaban mutane ba. Amma Innarku ba ta nan balle ta kare kanta, ko da tana nan ɗin ma ba za ta yi ba, kun san halinta. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku yadda abin ya faru tun ina da sauran ido.

A lokacin gida ɗaya muke da yayana Audu, mijin Laure, a nan Kura. Su suna sashen gabas, mu muna na yamma, Iya mahaifiyarmu tana ɗakinta a tsakiya. Ruwan kanal bai daɗe da zama jikinmu ba. A watannin da iyayenmu suke ɗaure kaya su tafi cirani, mu sai mu fita da safe mu tarar da ruwa yana gudu a gefen gona, mu yi alkama da tumatir da rani, mu yi shinkafa da damina. Rakiya, wato Innarku, daga Bunkure aka kawo min ita. 'Yar malami ce, ta fi ni karatu nesa ba kusa ba, amma ba ta taɓa gyara min kuskure a gaban kowa ba. Sai mun kaɗaice ta karanta ayar a hankali kamar don kanta take yi, in ji in gyara. Ba ta fita, kamar yawancin matan aure na wancan zamani, don haka sana'arta a cikin gida take. Alkaki take yi da alkamar gonarmu. Ita ke ɓarzawa, ta kwaɓa, ta naɗa shi da hannu, kuma duk unguwar in za a kai gara wurinta ake aikowa. Ranar da take suya tun daga ƙofar masallaci nake jin ƙanshin. Har yau in na bi ta inda ake suyar alkaki sai na ji ƙafata ta rage sauri.

Shekara ɗaya da aurenmu mahaifinta ya rasu. Shi mutum ne mai ajiye kyanwa saboda ɓerayen da ke ci masa littattafai. Da aka gama zaman makoki 'yan'uwanta maza suka raba littattafan, ita kuwa ta dawo da 'yar ƙaramar kyanwa a naɗe a gefen mayafi, ruwan toka mai farin wuya. Ta ce a kan buzun Malam ta same ta kwance, ana kora tana komawa. Ta sa mata suna 'Yar Toka. Ba wanda ya ce komai, domin kyanwa a gidan manomi ma'aikaciya ce. Laure da kanta takan are ta ta kulle a sitonsu in ɓeraye sun dame ta.

Sai jarrabawa ta zo. Ɗanmu na fari kwana goma sha ɗaya ya yi a duniya. Ta biyu mace ce, ta kai wata huɗu, har ta fara juyowa in ta ji muryata, zazzaɓin kwana biyu ya ɗauke ta. Su ne yayyenku da ba ku gani ba. Bayan ta biyun Rakiya ta yi wani irin shiru da ban san ta inda ake shigarsa ba. Ni in baƙin ciki ya taso min sai in saɓi fartanya in tafi gona. Ita ba ta da gona. Ɗaki take da shi da tsakar gida da kayan jarirai a cikin kwalla. In na dawo da la'asar sai in same ta zaune a ƙofar ɗaki, 'Yar Toka a cinyarta, tana shafa ta tana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ban san me take ce mata ba, ban kuma tambaya ba. In faɗa muku gaskiya daɗi na ji da ta sami wanda take yi wa magana, tun da ni na kasa zama in saurara.

A sanyin shekarar nan da sai an bi layi ake samun madara da sabulu, ɓeraye suka yi mana yawa a siton da muke ajiye iri. Yaya Audu ya sayo maganin nan da ake kira shinkafar ɓera, ni da shi muka barbaɗa a bayan buhuna. Ban gaya wa Rakiya ba, bai ma zo min a rai ba. Bayan kwana biyu aka sami 'Yar Toka a bakin murhu tana amai, dalala na zuba, jikinta na karkarwa. Ta ci ɓeran da ya ci maganin. Rakiya ta ɗura mata manja, ta yini a kanta, Allah bai yi za ta mutu ranar ba. Amma ba ta tashi ba. Ƙafafunta na baya suka saki sai jan jiki, gashi ya fara zuba, kwantsa ta rufe mata ido ɗaya. Kukanta ma ya sake, ya koma siriri mai ja, wanda in ba ka gan ta ba sai ka rantse jariri ne.

Abin da aka sani a garinmu, dabba in ta kai haka, in halal ce a yanka, in kyanwa ce ko kare a kai ta bayan gari a bar wa Allah. Rakiya kuwa sai ta yi mata shimfiɗar tsumma a kwandon tumatir ta ajiye kusa da kaskon wuta a ɗakinta. Tana goge mata ido da ruwan ɗumi, tana kwashe mata ƙazanta, da hantsi ta fito da ita ta sha rana. Akwai gwangwanin madara guda da na yini a layi na samo don Rakiya ta sha ta yi ƙarfi. Ran nan Laure ta shigo aron rariya ta tarar ana ba kyanwa wannan madarar da cokali.

"Rakiya, me zan gani? Madarar da mutane ke suma a layinta?"

"Ba ta iya haɗiyar komai ne, Yaya Laure, sai abu mai ruwa-ruwa."

"To ai sai ki goya ta ki huta."

Laure wasa ta yi, amma ta maimaita a tsakar gida, daga tsakar gida maganar ta haura katanga. Da farko dariya ce, wai Rakiya ta rasa na goyo ta ɗauki mai jela. Daga nan aka ce rashin 'ya'ya ne ya taɓa mata kai. Sai wata ta yi tambaya a gidan suna, wai shin wa ya riga shiga gidan, kyanwar ko mutuwar jarirai? Ba wanda ya furta kalmar maita a gabana, amma ba sai an furta ba, kowa ya san abin da ake faɗa a kan kyanwa mai kukan mutane. Da ƙyanda ta shigo unguwa ta kwantar da yara, maƙwabciyarmu ta bayan katanga ta hana 'ya'yanta bi ta ƙofarmu. Matan da ke shigowa hira da rana suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Wata hajiya ta riga ta kawo alkama a yi wa 'yarta alkakin gara, har an ɓarza, sai ga ƙanwarta ta zo karɓa. Ina gida ranar ina facin tayar keke, a kunnena aka yi.

"Hajiya ta ce a ba ta kayanta, an fasa."

"Bikin aka fasa?" in ji Rakiya.

"A'a, biki yana nan. Kin dai san mutane. Hannun da ke shiga bakin kyanwa, kuma abin ci ne."

Rakiya ta juye mata ɓarjin a ƙwaryarta, ta kankare har abin da ya maƙale, ta ce a gai da Hajiya, Allah ya sa a yi taro lafiya. Da matar ta fita ta je ta wanke hannu da toka da sabulu, ta daɗe tana wankewa, alhali ba abin da ta taɓa. Daga ranar ba a sake aiko mata da aiki ba. Kaskon suya ya koma bayan ɗaki a kife.

Iya tana son Rakiya, wannan ku riƙe shi, kada wani ya ce muku ba haka ba. Ita ta kira ni ɗakinta bayan azahar ta ce in zauna.

"Sale, ni ban yarda da abin da ake faɗa ba, yarinyar nan 'yar mutunci ce. Amma baki ya fi ƙyanda saurin yaɗuwa. In ka bari sunan nan ya zauna mata, ko goma ta haifa ba mai auren 'ya'yanta. Ka raba ta da dabbar nan. Don ita za ka yi, ba don su ba."

Yaya Audu bai bi ta lallashi ba. Muna ban ruwa a gonar alkama ya tsaya ya dogara da shebur ya ce ko na san abin da ake kirana a majalisar bakin tasha? Uban kyanwa. Ya ce gidan nan ba nawa ne ni kaɗai ba, shi ma yana da 'ya'ya mata da za su tashi. Sunan nan kuwa ya shige ni. Da na je sallar la'asar sai na riƙa jin kamar duk wanda ya gaishe ni dariya yake dannewa. Da na koma gida na kwashe komai na faɗa wa Rakiya, ina magana ina kallon ƙasa.

"Malam, kai ma ka yarda?"

"Ban yarda ba. Amma ni ina shiga cikin mutane."

"Na sani, ni ma ba so nake in ja maka magana ba. Amma rai ne, kuma a hannuna Allah ya bar shi. Abin da na tashi na ji a gidanmu, wanda ya bar kyanwa da yunwa za a tambaye shi. Ban taɓa jin an ce wanda ya yi jinyarta ya yi laifi ba. An ce akwai malamin dabbobi da ke zama a Kadawa ranar Talata. Da ina fita da ni zan kai ta. Ka kai min ita ya duba. In ya ce ba za ta tashi ba, ka dawo min da ita ta ƙarasa a nan, kwana nawa ne?"

Tun da muka yi aure ba ta taɓa roƙona wani abu ba, ko ɗankwali. Na ce to.

Ranar Talata da safe ta naɗe 'Yar Toka a cikin wata shuɗiyar atamfa ta lefenta, ta ce tsumma ba zai tare iskar hanya ba. Ta ƙulla busasshen kifi a leda ta sa a gefe. Na ɗaure kwandon a kariyar keke, sannan na kifa wani kwandon a kai don wanda ya gani ya ɗauka tumatir ne. Ta ga abin da na yi. Ta rako ni har bakin zaure, iyakar inda take zuwa, ta ce in bi a hankali inda akwai gargada. Na bi ta gefen babban kanal. Alkama ta yi kore shar dama da hagu, balbela na bin masu ban ruwa, kyanwar ta yi tsit a bayana. Allah shi ne shaida da niyyar alheri na fita. Har ina ta shirya abin da zan ce wa malamin, da yadda zan tambaye shi ko akwai allurar da ke tayar da ƙafa.

Na isa Kadawa da hantsi. An taru a gindin wata bishiya, masu raguna, da mai jaki da gyambo a baya, da wani Bafillatani da maraƙinsa wanda malamin ke dubawa. Na jingine keke na zauna a layi. Sai na ji an kira sunana. Ɗanlami ne, dillalin tumatir na unguwarmu, ya kawo ragonsa.

"A'a, Sale! Tumatir ɗin ne ba shi da lafiya?"

Aka ɗan yi dariya. A daidai nan 'Yar Toka ta saki kukan nan nata. Kafin in miƙe Ɗanlami ya riga ya ɗaga kwandon sama.

"Ashe gaskiya ne! Jama'a ku zo ku gani, har da atamfa. Sale, jaririyar aka kawo awo?"

Dariya ta tashi, har waɗanda ba su san ni ba. Ɗanlami bai manta na binne jarirai biyu ba, yana cikin waɗanda suka raka ni maƙabarta. Ina jin bakinsa ne ya riga hankalinsa, kuma na daɗe da yafe masa. Da na yi shiru na koma na zauna, da dariyar ta ƙare kafin malamin ya gama da maraƙin. Mutum uku ne kawai a gabana. Na sha lissafa su a raina, mai rago, mai rago, mai jaki. Amma sai na ji ni ma ina dariya, na ji bakina yana magana.

"Wane irin awo? Yar da ita zan yi, na tsaya ne in huta. Na ce in kai ta nesa don kada ta gane hanya."

"Ka yi kai," in ji Ɗanlami. "Ai dama mun ce Sale ba zai bari a mai da shi abin wasa ba."

Da na faɗi haka a gaban mutane sai zama ya gagara. Na mai da kwandon na rufe, na hau keke. Zan iya kewayawa in dawo bayan Ɗanlami ya tafi, zan iya juyawa gida in ce malamin bai zo ba. Duk na ga waɗannan hanyoyi a lokacin, kada ku ɗauka ruɗewa na yi. Amma na san kafin magariba labari zai isa Kura cewa Sale ya rabu da kyanwa, kuma na ji sanyin wannan labari a zuciyata tun kafin ya isa. Na wuce Kadawa kaɗan na bi wani ƙaramin kanal har wata kwalbati da bishiyar mangwaro a gefe. A nan na sauke ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, kamar ka ɗauki busasshiyar ƙwarya. Ta buɗe idon nan guda ta dube ni ba tare da tsoro ba, domin ta san ni, shekara huɗu tana kwanciya a kan takalmina. Na kwance kifin na ajiye mata. Sannan na zare atamfar, na ce a raina kayan lefe ne, asara ce a bar shi a daji. Na ninke na ɗaure a kariya. Da na yi nisa kaɗan na waiwaya, na ga ta bar kifin ta jawo jiki kamar taku ɗaya zuwa hanya. Ban sake waiwayawa ba.

Na biya gona na ɓata lokaci don kada in koma da wuri. Da na shiga gida Rakiya na tsaye a tsakar gida, ta dubi bayan keken kafin ta dube ni.

"Malamin ya riƙe ta," na ce. "Ya ce sai ya yi mata allura ta kwanaki."

"To, Allah ya saka da alheri. Ga ruwa can na ɗumama maka."

Ta kwance kayan da ke kariya ta shiga ɗaki. Kamar yadda na zata, Ɗanlami ya riga ya kai labari. Yaya Audu ya dafa kafaɗata, Iya ta sa min albarka, a masallaci aka riƙa ba ni hannu da fara'a. Kowa ya sani, ita kaɗai na ɗauka ba ta sani ba, tun da mata sun daina shigowa wurinta. Da Talata ta zagayo ta miƙo min ƙullin kifi, ta ce in kai mata, ƙila abincin can bai karɓe ta ba. Na karɓa na tafi gona, na tsaya a kan gada na jefa shi a kanal. Talata ta biyu ta sake miƙo min wani ƙullin. Wannan karon hannuna ya ƙi jefawa. Na tuƙa har Kadawa ban tsaya ba, na wuce zuwa kwalbatin. Ba komai a gindin mangwaron sai wata sakaina. Na leƙa cikin kwalbati, na bubbuɗa ciyawa, ina kira yadda Rakiya ke kiranta. Wani tsoho mai gadin tumatir ya taso daga bukkarsa ya tambaye ni me na yar.

"Kyanwa mai jan jiki? Ai na san ta. Ta fi mako a gindin bishiyar nan, kullum fuskarta na kallon hanya. Ni nake zuba mata ruwa a sakainar can, in rage mata abin da na ci. Yau kwana huɗu ke nan ban gan ta ba. Taka ce?"

Na ce a'a. Ko a gaban tsohon da bai san sunana ba sai da na ce a'a. A hanyar dawowa na lissafa kwanakin. Ranar da na tsaya a kan gada na jefa kifin a ruwa, tana nan a gindin mangwaron.

Na tarar da Rakiya tana tsintar shinkafa a faifai. Na tsuguna nesa da ita kaɗan na ce 'Yar Toka ta mutu a hannun malamin, ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ba ta ɗago kai ba.

"Malam, ya isa haka. Ranar da ka dawo ni na kwance atamfata a kariyar kekenka. Da a hannun mutum ka bar ta, da ka bar mata zanen. Ka san tana jin sanyi."

Na ce, "To kifin fa? Me ya sa kike ba ni kifi?"

"Na ce ko zai sa ka koma."

A nan na faɗa mata komai, tun daga maganin da muka barbaɗa a sito har zuwa maganar tsohon. Ta saurara tana juya shinkafar da yatsa. Tambaya ɗaya ta yi min, wai akwai inuwa a wurin? Na ce akwai, ga ruwa ma kusa. Ta ce to alhamdu lillahi, ta tashi ta ɗora tukunya. Ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta yi yaji ba, ba ta kai ƙara wurin kowa ba, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake tayar da maganar ba ko a cikin fushi. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Magana ta lafa a unguwa, mata suka dawo hira kamar ba su suka ɗauke ƙafa ba, da lokacin bukukuwa ya zagayo hajiyar nan da kanta ta aiko da alkama. Rakiya ta karɓa ta yi mata, ya yi kyau kamar kullum. Amma ba ta sake ajiye kyanwa ba. In ta maƙwabta ta hauro katanga sai ta zuba ruwa a murfin kwano ta ajiye a gindin bango, ta shige ɗaki har sai ta tafi.

Shekara ta zagayo aka haifi babbanku, wanda Iya ta yi wa laƙabi da Barau don Allah ya bar mana shi. Ya kuwa zauna, ku ma kuka biyo kuka zauna. Sai mutane suka ɗauki fitar kyanwa suka ɗaura da rayuwarku, labari ya zauna da gindinsa. Allah ne ya raya ku, sai kuma uwar da ba ta taɓa sakin abin da aka bari a hannunta ba. Ba ruwan wata baiwar Allah da na bari a gindin mangwaro.

Barau yana wata biyar zazzaɓi ya kama shi, irin wanda ya ɗauke yayarsa. Da sassafe na fito da keke na ce Laure ta goya shi in kai su ɗakin shan magani, don haka ake yi, matar aure mai ƙuruciya ba ta fita irin wannan. Na leƙa ɗaki na ga Rakiya ta riga ta goya shi, ta yafa mayafi, takalminta a hannu.

"A'a, Malam. Ka ba ni izini, mu je tare."

A hankali ta faɗa, ba fushi a ciki. Na san daga inda maganar ta fito, ita ma ta san na sani. Na ce mu je. Daga ranar duk wanda ya yi ciwo a cikinku haka aka yi, ba ta taɓa miƙa min ɗayanku ta tsaya a bakin zaure ba. An sake yin magana a unguwa, wai matar Sale ta zama mai yawon asibiti. Yaya Audu ya kawo min ita har gona. Na ce masa na ji, na ci gaba da ban ruwana. Abin da na koya ke nan, na kuwa koye shi a makare.

Shekara tara ke nan da rasuwarta, kuma cikin duk abin da muka yi tare wannan safiyar ce ta fi zo min. Ta ƙi hawa keken, ta ce girgiza za ta dami yaron, don haka ta yi gaba a ƙasa ni ina biye ina tura keke ba kowa a kai. Ban taɓa ganin tafiyarta a waje da rana ba sai ranar. Sauri take yi, hannunta ɗaya a baya ya tallafo goyon, kan Barau yana leƙowa ta gefen mayafi. Mutane na gaishe ni a hanya ina amsawa ban san me nake cewa ba. Da muka zo gadar kanal ta tsaya ta gyara majanyi, sannan ta ɗan juyo ta duba bayanta.

"Ina nan," na ce.

"Na gani," ta ce, ta ci gaba da tafiya.